Ƙofa Kamar Hancin Allura

Jiya bayan sallar azahar na kishingiɗa a zaure, sai na yi wani mafarki.

Na tsinci kaina a wata tasha inda motoci ke zaune, hanya ce ke tafiya. A wuyana akwai kamarar da na yi shekara talatin ina sana'a da ita, sanye da dogon gilashinta mai zuƙo nesa, wanda ya ƙara tsawo har ya kai taɓarya. Wani kunkuru mai tabarau yana bayan tebur yana buga hatimi a kan ganyen kuka.

Ya ce, “Baba mai hoto, ɗauka ɗaya aka yarje maka. Wanda ya fito dishi-dishi, an manta da shi ke nan.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wa zan ɗauka?”

Ya ce, “Kai ka sani.”

Sai ga mu a wata fadama. Taku goma a gabana 'yata Uwani ce tsaye, wadda na sa wa sunan mahaifiyata. Can nesa, bisa wani dutse, Inna ce da kanta tana shiƙar gero. Tsaba na hawa sama, ƙaiƙayi na komawa cikin ƙwarya. Shekara arba'in da rasuwarta, ba a taɓa ɗaukar hotonta ba, kuma fuskarta ta daɗe da soma kuɓuce mini.

Na zuƙo gilashin, na buɗe ƙofar da haske ke shiga har iyakarta, kamar yadda na saba. Uwani ta fito tangaram, Inna ta zama hayaƙi. Na mai da saitin kan dutse. Inna ta fara bayyana, sai na ji ihun Uwani.

“Baba, hannuna fa! Ka ga yana narkewa kamar man shanu!”

Na dawo da saitin da sauri. Kunkuru ya girgiza kai.

Ya ce, “Shekara talatin, ba ka taɓa kaiwa ƙarshen lambobin matse ƙofar nan ba?”

Na ce, “Talatin da biyu? Duhu gare ta. Tana rage kaifin hoto, tana tona asirin duk wani datti da ke cikin kamara. Ba mai amfani da ita.”

Ya ce, “Ba a kyauta mata ba. Matse.”

Na matse ƙofar har ta koma kamar hancin allura. Duniya ta yi duhu kaɗan, amma sai ga Uwani da Inna sun fito tare, ta kusa da ta nesa, ko wacce da gashin girarta. Haske kuwa ya taru a bakin gilashin ya ja layi kamar masu ɗiban ruwa a famfo, yana shiga ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon haske ya yi mini sallama kafin ya sunkuya ya wuce.

Kunkuru ya ce, “Sai duk sun shige hoto zai kammala. In hannunka ya yi rawa, su biyun ka rasa.”

Hannuna kuwa rawa yake yi tun bara. Ya dube shi, ya ajiye hatiminsa, ya kwanta a gabana. Na ɗora kamarar a bayansa, na danna, na riƙe numfashi.

Inna ta ɗago kai. Muryarta ta iso kafin bakinta ya motsa. Ba ta kira sunana ba, domin ni ne ɗan fari.

“Wannan yaro, har ka yi furfura ba ka koyi tsayawa wuri ɗaya ba?”

Uwani ta ce, “Kaka, kar ki ba shi dariya, mu ne za mu ɓace.”

Na daure. Ta cikin ƙaramar ƙofar nan na dube ta a tsanake, abin da ban taɓa yi ba tana raye: wushiryarta, da kwallin da ya zarce gefen ido, da wani ɗan tabon ƙuna a kumatu. Saura haske uku a layi. Saura biyu. Na ƙarshen gurgu ne, yana tafe da sanda.

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.

Hoto bai samu ba. Amma tabon a kumatun hagu yake. Shekara arba'in ina ɗora mata shi a dama.