Kada A Taɓa

Soron gidan su Bube ya girmi kowa a unguwarsu cikin Wurno. Kakansa ne ya gina shi da tubali da azarar giginya, bakan gizo biyu suka haɗu a tsakiyar rufin. Kowace bazara sai an yaɓe shi da makuba kafin ruwa ya sauka.

Wata shekara Baturen mulki ya zo rangadi, ya shiga soron, ya daɗe yana kallon sama. Tafintansa Lauwali ya juyo ya ce, "Bature ya ce wanga soro na tarihi na. Kada a taɓa shi."

Ai fa kan Bube ya kumbura. Tsohon da bai taɓa riƙe ko sarautar kasuwa ba, yau ga shi da amanar Bature! Da ƙaninsa Maccido ya iso daga Goronyo da jakuna ɗauke da makuba kamar yadda ya saba, Bube ya tare ƙofa.

"Yaya, mi yaf faru?"

"An ce kada a taɓa."

"Ginin ƙasa da hannu shika rayuwa, Yaya."

Bube ya ce shi ba ya ja da hukuma. Maccido ya juya jakunansa, ko ruwa bai sha ba.

Damina ta lashe yaɓen, wata daminar ta buɗe tsaga gefen indararo. Bube yana gani, ransa yana ƙuna. Yakan kwaɓa ƙasa a ƙwarya ya tsaya gaban tsagar, sai tsoro ya kama shi ya zubar. Rannan cikin marka, da hantsi, rufin ya rufta.

Bube ya taka har Rabah, inda Lauwali ya koma da aiki, don ya kai kansa wurin Bature a hukunta shi.

"Wane Bature? Ai tuni anka maishe shi gida," in ji Lauwali, yana ɓare goro. "Cewa yay yi a kiyaye soron. Ni naf faɗa maka yadda za ka fi ganewa, Baba."

Bube bai zage shi ba. Ya dawo ya zauna kan tarin jar ƙasar, ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar mahaifinsa. Sannan ya aika a ba Maccido haƙuri, ya zo su tada soron. Ɗan aiken ya dawo shi kaɗai.

"Ya ce in gaya maka ya yafe. Amma shi yaɓe yas sani. Waɗanda sunka iya ɗaurin bakan gizo irin wanga duk suna ƙasa."