Nonon da Fatsima ta kawo daga Lyon

Fatsima irin yayyen nan ce da kafin ka gama tambaya sun ba ka amsa. Tun suna Maraɗi haka take, kuma zaman Saint-Fons da ke gefen birnin Lyon, inda mijinta ke aiki a masana'anta, bai rage mata komai ba. Ƙanwarta Hamdiya kuwa, duk da digirin da take yi a Paris, ko takalmi za ta saya sai ta ji ta bakin Yaya.

Shi ya sa ranar da Hamdiya ta haifi bakwaini, aka sa shi a kwalba, nono kuma ya ƙi zuwa, Lyon ta fara kira.

"Yaya, sun ce hanjinshi bai yi ƙwari ba. Wai akwai wajen da mata ke kai nononsu kyauta, a dahwa shi, a ba irin waɗanga yara. Sun ce shi ya hi madarar gwangwani kare su daga ciwon hanji. In sa hannu?"

"Nonon wa?"

"Ba a hwaɗin suna."

"Ba a hwaɗin suna! Ke Hamdiya, kina da hankali? Yaro ya sha nonon mata goma, ya tashi da 'yan'uwan shayarwa ko'ina cikin Faransa, gobe ya auri ƙanwarshi bai sani ba? Kar ki sa hannu. Ga ni da nono har yana zuba. Ina tahe."

Ba ta tambayi malami ko ɗaya ba, fatawar daga kanta ta fito. Kuma tsakani da Allah, da zuciya ɗaya ta yi. Goyonta Raliatou ba ta iya shanye abin da Allah ya ba uwar, firji cike yake da kwalabe. Sai dai barin gida da goyo ba abu ne na yanzu-yanzu ba: sai da mijin ya samu hutu, sai da aka samu maƙwabciya mai riƙe yarinya. Mako ya kusa zagayowa kafin ta hau jirgin ƙasa, rungume da kula cike da ƙanƙara da kwalabe. A can kuwa, tunda uwa ta ƙi sa hannu, madarar bakwaini ta gwangwani ake ɗiga wa yaron ta roba.

A ƙofar sashen jarirai wata ma'aikaciyar jinya ta tare ta cikin ladabi. Ba a karɓar nono daga hannu haka, ko na 'yar'uwa ne; sai an auna jinin mai shi, an kai shi an dafa an gwada. Fatsima ta fara ɗaga murya da Faransancinta na kasuwa, sai ta hango Hamdiya zaune a kujera, ido ya kumbura.

"Bar shi, Yaya," in ji Hamdiya. "Ko sun karɓa ba ya sha. Tun jiya cikinshi ya kumbura, an ga jini cikin kashinshi. Sun tsai da komi, ko ɗigo ba a ba shi. Yanzu aka shiga da shi, za a yanke wajen da ya lalace."

Fatsima ta ajiye kular a ƙasa, ta nemi kujera.

Da likitar da ta yi aikin ta fito, ta ce an cire wani yanki na hanjin, yaron yana numfashi, sauran sai an ga yadda kwanaki za su yi. Fatsima ce ta tambaya ko da an ba shi wancan nonon da hakan bai faru ba. Likitar ta ce ba mai iya rantsewa. Akwai waɗanda ke sha kuma su kamu, sai dai sun fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Ta faɗe shi a hankali don kada ta ɗora wa kowa laifi, amma Fatsima ta ji laifin ya zauna mata daram a ƙirji. Kunya ta hana ta kallon ƙanwarta.

Ana haka wayar Hamdiya ta yi ƙara. Inna ce daga Maraɗi, muryarta har Fatsima na ji. Bayan kuka da addu'a ta ce surukinta Sa'idu, mijin Hamdiya, ya gaya mata wai an ba da magani an ƙi karɓa.

"Wa ya ce a ƙi?"

"Ni ce, Inna," in ji Hamdiya, ba ta ko ɗaga kai ba. "Ni na ƙi sa hannu."

Fatsima ta buɗe baki. Sai muryar Inna ta riga ta.

"To, Allah ya kyauta. Yayarki ta iso? Ba ni ita."

Hamdiya ta miƙa mata wayar.

"Fatsima, an ce tun daga Lyon kika ɗauko nono kika kawo wa ɗan ƙanwarki. Allah ya yi miki albarka. In ba ke ba, wa gare ta a ƙasar mutane? Ki riƙa ba ta shawara, kin san yarinya ce."

"Amin, Inna," in ji Fatsima. "To, Inna."