Layi Mai Awa Bakwai

Saura minti goma a fara shirin bankwana da Baba Mai Labarai, Injiniya ta ga masu sauraro ta intanet sun haura tamanin. Layin ɗan gidan rediyon nasu mutum tamanin yake ɗauka, daga nan sai murya ta riƙa tsinkewa kamar ana datsa ta da almakashi. Tun da aka sa tashar a intanet ba a taɓa cika hamsin ba, amma yau da Baba zai ajiye aiki kowa ya tuna yana ƙaunarsa.

Ita dai mutum ɗaya ce ta dame ta. Matar Baba, wadda duk ofis ke kira Gwaggo, tana kwance a gidan 'yarsu a wata ƙasa, jikinta ya shanye. Kullum kafin 'yar ta fita aiki takan kunna mata tashar a waya, ta ajiye kusa da matashi. In layin ya yanke, ya yanke ke nan har yamma, don babu hannun da zai sake dannawa. Jiya Baba ya tsaya bakin ƙofar Injiniya yana murza hula, ya roƙe ta kada layin tsohuwa ya faɗi.

Casa'in da huɗu. Ta bi ofis ɗaki ɗaki tana sauke ma'aikata daga intanet, har da mai karɓar baƙi da ke tsakiyar kallon bidiyon ɗinki, wadda ta raka ta da harara. Kafin ta dawo kujerarta an kai ɗari da shida. Jar fitila ta kama, Baba ya yi sallama, rabin sallamar ya maƙale a hanya.

Manaja ya faɗo yana zufa, ya ce ta rage nauyin sautin mana. Ta ce sai an kashe an kunna, kowa kuma zai zube. To, ta yi abin da aka saba, in ji shi, ta share duk wanda ya wuce awa shida, ai wayoyi ne da aka manta a aljihu. Bai jira amsa ba ya kai hannu kan linzamin kwamfutar. Ta cafke wuyan hannunsa, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba.

"Ranka ya daɗe, Gwaggo na cikinsu. Ga ta nan, awa bakwai."

Ta rufe ƙofar shiga layin, ta fara sauke sababbin zuwa daga ƙasan jerin, ɗaya bayan ɗaya. Ɗari. Casa'in. Tamanin da ɗaya. Na gaba shi ne layin mai gidan rediyon, wanda ita da kanta ta taɓa rubuta wa "Mai Tasha" don kada a yi kuskure a taɓa shi. Tsoro ya kama ta sosai, don mutumin ba ya mantuwa. Ta danna.

"Kin san wa kika sauke?" Manaja ya tambaya a hankali.

"Shi yana da hannun sake dannawa," ta ce.

Murya ta washe tas. Wayar Manaja ta fara ruri a aljihunsa, ya kasa ɗauka. Ta bayan gilashi Baba ya ture takardarsa, ya matso da bakinsa kusa da makirufo, ya ce akwai wadda ta shekara talatin tana gyara masa karatu in ya koma gida, yana fata tana jinsa. Ya ɗago ya dubi Injiniya. Ta duba agogon layin Gwaggo, awa bakwai da minti goma sha biyu, yana ci gaba da ƙirga. Ta gyaɗa masa kai.