Jan Fure a Ƙirjin Yaya

Ulu abu ne mai ban mamaki. Ba a saƙa shi ba, ba a ɗinka ba, amma idan aka jiƙa shi da ruwan zafi da sabulu aka yi ta murza, sai gashin ya kama juna ya zama ƙyalle. Wannan ce sana'ar matar da unguwa ke kira Mai Ulu. A ɗakin bayan gidanta take shimfiɗa ulun sala-sala a kan tire, ta yayyafa ruwa, ta murza har zanen yatsunta ya shafe, wayarta ma ta daina gane ɗan yatsanta. Daga nan ta yanka ganyen fure, ta lanƙwasa, ta ɗinka fil a baya don a maƙala a ƙirji.

Yayar mijinta ce ke da shago a bakin titi, ita ke jera furannin a bayan gilashi. Mai Ulu ba ta taɓa damuwa ba, sai ranar da ta kai kaya ta tarar da Yaya tana shafa kafaɗa, tana gaya wa wasu mata yadda murzar ulu ta hana ta sakat. Da matan suka tambayi ko wace ce wannan, Yaya ta ce matar ƙaninta ce, takan taya ta ɗauko kaya.

Mai Ulu ta kai ƙara wurin mijinta. Ya ce ta yi haƙuri, ai fure ba ya magana, kuma wa zai ja da wadda ta goya shi? Ta koma kan ulunta, amma ba ta manta da maganar ba.

Ana nan sai aka shirya baje kolin sana'ar hannu a zauren makaranta. Yaya ta kama tebur, ta aiko a yi mata fure ja, babba, wanda za a hango daga bakin ƙofa, domin farar riga za ta sa.

Mai Ulu ba ta taɓa yin fure mai kyan wannan ba. Ganye a kan ganye, bakinsu a naɗe kamar leɓen mai shirin gulma. Da farin ulu ta yi shi, sai da ya kammala ta tsoma shi a jan rini mai kauri. A ƙa'ida, dafa rini ake yi da ruwan khal, wani ruwa mai tsami, don ya kama, sannan a ɗauraye har ruwan ya fito fes. Ta dubi kwalbar khal ɗin, ta mayar da ita ma'ajiyarta ba tare da ta buɗe ba. Ta shanya furen haka nan, ya bushe yana ƙyalli, rinin na kwance a jikinsa yana jiran jiƙa.

Ranar baje kolin zauren ya cika maƙil, fankar sama tana juyawa kamar an yi mata dole. Yaya ta tsaya gaban tebur da furen a ƙirji, tana koya wa mata yadda wai take murza ulu, hannunta na yawo a iska. Mai Ulu na zaune a baya kan kwali, inda aka ajiye ta gadin jakunkuna. Ba ta kallon kowa sai zufar da ke gangarowa daga wuyan Yaya.

Da fari ɗan ja ne ya fito a gefen furen. Sannan ya miƙe ya yi ƙasa, har wata tsohuwa ta tambaya ko fil ɗin ne ya soke ta. Yaya ta kai hannu ta shafa, ta mayar da hannun fuska ta share gumi. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Wata da ta riga ta zaɓi fure ta ajiye shi, ta ce ashe gwanar ba ta iya rini ba.

Yaya ta dubi rigarta, ta juyo ta nuna bayan tebur.

"Ni na ce muku na taɓa rini? Ga wadda ta yi shi can. Duk wani fure da ke kan teburin nan aikinta ne, ita za ku tambaya."

Mai Ulu ta miƙe ba gaggawa, ta kakkaɓe jikinta.

"Yaya, ƙara faɗa, na can baya ba su ji ba."

Yaya ba ta ƙara ba, don kowa ya riga ya ji. Ta ja mayafi ta rufe ƙirji, ta ce daga yau kada ta sake ganin ƙafarta a shago, ta yi waje.

Matan suka matso, suna son sanin ko sauran furannin ma haka za su yi. Mai Ulu ta ɗauki wani ja, ta tsoma a kofin ruwa, ta matse shi a farin hankici ta ɗaga musu. Babu ko ɗigo. Tsohuwar nan ta tambaye ta to me ya sami wancan. Ta ce shi ma bai yi komai ba sai abin da aka sa shi.

Ta san akwai shari'a a gida, ta san kuma ba ta da gilashin da za ta jera kaya gobe. Ta jawo kujerar Yaya ta zauna a gaban tebur, ta fara gyara jerin furannin yadda take so.