Baƙar Fatar Wasila a Gindin Randa

Sau uku Wasila tana yi wa mahaifinta bayani, sau uku Malam Illo baduku yana gyaɗa kai bai gane ba. Wai gawayi ne ta dafa cikin asid a jami'a, ta shimfiɗa shi ya fito siriri kamar ɓawon albasa. Wai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, furoton, su za su riƙa ratsa shi, a samu batir marar ruwa. Abu ɗaya ya riƙe: in allurar mitarta ba ta motsa ba kafin Litinin, malaminta zai soke aikin, shekara biyu ta tafi a banza. Kuma tun shigowar bazara allurar ta kafe.

Ran Asabar ta bar abin a faranti a gida ta tafi Hubbare raka gwaggonta. Illo ya leƙa, ya ga gefensa ya fara nannaɗewa. Shekara arba'in yana aikin fata a Runjin Sambo, ya san fatar da zafi ya sha. Ya naɗe farantin cikin tsumma mai laima, ya ajiye gindin randa, inda yake ajiye jar fatar akuya kafin ɗinki.

Da la'asar ta dawo tana nema.

“Baba, ina abin nan?”

Ya nuna mata da haɓa.

“Mi kay yi mai? Busasshe aka son shi. Sati guda ina gasa shi.”

“Ƙishi na gani garai, ɗiyata.”

Ta warware tsumman, ta maƙala wa abin wayoyin mita biyu, don dai ta ga iyakar ɓarnar. Allura ta ɗaga, ta tsaya can sama. Wasila ta cire, ta sake maƙalawa. Ta kalli randa, ta kalli abin, ta zauna ƙasa.

“Laima,” ta ce, ba da shi take ba. “Ƙwayoyin nan, bisa laima suka takawa su ƙetare. Waɗanda na karanta aikinsu, garinsu ba ya bushewa kamar namu.”

Illo ya gyara zama.

“To ba ke kic ce marar ruwa ba?”

“Marar ruwa ne, Baba.”

“Amma yana son ruwa.”

“Awo.”

Ya juya basillarsa. Can ya ce, “Na ɓata shi ke nan, ko na gyara?”

Tana rubutu ba ta ɗago ba. “Ara mani tsumman nan har Litinin.”