Biyar Sun Nitse

"Ba wannan ba, Maman Emilia. Na bakin rijiya."

Tamar ta tsaya da gashin kaza a hannu, ta waiwaya. Maƙwabcinta Baba Levi yana jingine da taga, ɓarin jikinsa a shanye, amma bakin nan nasa ciwo bai taɓa shi ba.

Shekara talatin ya yi a gonakin shayi na Mambila kafin ya dawo Kagoro da ƙananan bishiyoyin shayi biyu. Ta bakin rijiya tana jure zafi, sai dai ganyenta salam. Ta ƙofar kicin kuwa ganyenta ƙamshi, amma da rani ya kama sai ta langaɓe kamar mai zazzaɓi. Burinsa ya haɗa su, ya sami irin da zai zauna a ƙasar nan. 'Yan unguwa har tsiya suke masa, wai tsoho zai shayar da Kafanchan da bishiya biyu.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, Tamar ce ta karɓi aikin, ita ce kuma ta ɓata shi. Manomiyar citta ce. A saninta ka ɓalli saiwa ka binne, ta yi 'ya'ya, ba ruwanta da wata. Sai ta ga zuwa rijiya ɓata ƙafa ne, ta yi ta shafa wa bishiyar kicin garin furenta. Furannin duk suka zube, don shayi ba ya karɓar garin jikinsa, sai na wata bishiya. Ranar da ta faɗa masa gaskiya bai yi faɗa ba. Kuka ya yi, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

Shi ya sa bana ta taka har rijiya. Ta lakato garin mai ruwan ɗorawa da gashin kazar, ta dawo ta shafa a tsakiyar farin furen bishiyar kicin, ta ɗaure da ƙyalle kada ƙudan zuma ya kawo nasa. Saura jira, kusan shekara guda, ga likita ya ce da wuya tsohon ya ga damina.

Ya ga damina, ya ga ƙarshenta, yana ta ramewa. Matan zumuntar coci suka zo yi masa waƙa, ya katse su yana tambayar ko akuya ta shiga wajen bishiyoyin.

Ranar da 'ya'yan suka tsage, ƙwaya bakwai Tamar ta samu. Ya ce ta kawo ruwa a roba ta zuba su: mai rai zai nitse, fanko zai taso. Ta zuba, tana sane ba shi da wata shekarar jira. Idonsa bai kai ƙasan robar ba.

"Nawa?"

"Biyar, Baba. Biyar sun nitse!"

Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Tsohon ya yi dariya sai da tari ya sarƙe shi.

"Ubangiji ya yi," ya ce. "Shuka su yau. Irin shayi ba ya jira."

Ran Alhamis da hantsi ya cika. Ranar biso, ana tsakiyar waƙa a tsakar gida, Tamar ta zame da buta ta zagaya baya. Ledoji biyar da ta shuka irin a ciki na jere a ƙarƙashin tagarsa, ƙasarsu da danshi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ba su ruwa.