Fiton Kawu Vince

Benedek na bakin tafki yana shafa kitse a ƙirji saboda sanyin ruwa, sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Babu rufi. Tun daga gida ya san da haka, amma ji ba gani ba ne.

Duk iyon rigingine da ya iya, a gidan wankan unguwarsu mai wurin iyo a ciki ya koye shi, can birnin Budafes, inda yake aikin hura wutar tukunyar ruwan zafi. Mai iyo a rigingine ba ya ganin gabansa, sai sama. Shi wata doguwar azara ce a rufin gidan take masa jagora: ya kafa mata ido, ya miƙe sambal. Yau kuwa ranar tsere ce: ga Jamusawa, ga mutanen Ostiriya, ga tafki fetal, ba igiya ba alama. Kuma ɗan ƙasar da ya riga taɓa katakon da ke ƙarshen tseren, da shi za a tafi babbar gasa a ƙetare. Su biyu ne 'yan ƙasa: shi da Tibor, ɗan mai koyar da su, Kawu Vince.

"Kawu, wallahi tsoro nake in karkace."

"Haba ɗana, ina tsaye?" Vince ya dafa kafaɗarsa. "Zan bi gaɓa ina fito. Ka ajiye fiton a kunnen dama, kar ya matso, kar ya yi nisa. Yau ni ne azararka."

Tibor ya wuce su yana miƙa. "Ɗan gawayi, don Allah kar ka baƙanta mana ruwa."

 Shekara da shekaru Benedek yana shan gaban Tibor a gidan wanka, kowa ya sani, uban ma ya sani.

Aka harba bindiga. Kafin a ce kwabo Benedek ya bar su a baya, yana watsa hannuwa, sama fara fat a idonsa, fito na biye da kunnensa. Daɗi ya kama shi. Ya ga kansa a jirgin ƙasa da sabon kwat, babu toka a farcensa.

Can sai fiton ya fara nisa. Ya ce a ransa, na karkace. Ya karya dama. Fiton ya ƙara nisa, ya ƙara karyawa. Ihun mutane ya cika tafkin, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka kirari ake masa, ya ƙara ƙaimi.

Ƙeyarsa ce ta fara nutsewa cikin laka.

Ya miƙe tsaye, ruwa iya gwiwa, ciyayi a wuya, agwagi na gudu suna kuka. Wani lungu ne da tafkin ya yi, nesa da hanyar tsere. Ashe dariya ake yi, har da masu riƙe ciki. Wani mai malafa ya ƙwala masa kira: "Malam, nawa kifin?"

Kawu Vince na tsaye a kansa, amma ba shi yake kallo ba. Can nesa Tibor ya taɓa katako, shi ne na ƙarshe, yana haki. Na ƙarshe dai, amma ya taɓa.

"Kawu, ka bar hanya."

"Ni? Ikon Allah! Tsoho ba shi da damar ya taka bakin ruwa yana fitonsa?"

Ya jawo shi waje, ya lulluɓa masa tawul a hankali yadda kowa zai gani, har wata mata ta ce kai, wannan dattijo akwai tausayi. Sannan ya kai baki kunnensa na dama.

"Gobe ka hura wuta da wuri. Tibor zai fara shiri, ka san ba ya son ruwan sanyi."

 Benedek ya buɗe baki, duk zagin da ya sani na kan harshensa.

"To, Kawu," ya ji kansa yana faɗa.